Babi na Bakwai: Mai Ƙidayar Fitilun Nesa

Ranar 5 ga Fabrairu, 1963, da rana, wani ɗan ƙasar Holan mai shekara 33 yana zaune a ofishinsa a jami'ar Caltech da ke Pasadena, jihar Kalifoniya ta Amurka, ya ƙura wa wani ɗan gilashi ido. Gilashin ƙarami ne ƙwarai, sai an sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin a ga abin da ke jikinsa. Abin da ke jikin nasa kuwa bai taka kara ya karya ba: 'yan layuka shida ne, dishi-dishi, a kan wani siririn zane. Kusan mako shida ke nan layukan nan sun hana shi sakat. Sunan mutumin Maarten Schmidt, hasken da ya zana layukan kuwa ya fito ne daga wani ɗigo a sama da ake kira 3C 273.

Kafin mu ga abin da ya faru a wannan yini, sai mun san me masanan falaki ke nema a irin wannan gilashi. Idan aka ratsa da hasken tauraro ta cikin wani gilashi mai kusurwa, yakan warwatsu ya zama launuka kamar bakan gizo, daga shuɗi zuwa ja. A cikin launukan nan akan ga layuka a wurare ƙayyadaddu. Kowane sinadari da nasa layukan, kamar yadda a da kowace zuriya take da tsagarta ta gado, da ka kalli fuskar mutum ka san inda ya fito. Haidirojin da tsagarsa, ƙarfe da tasa, iskar oksijin da tata. Masanin da ya ƙware yakan kalli bakan tauraro ya faɗi abin da ke cikinsa ba tare da ya motsa daga kujerarsa ba. To, tsagar da ke fuskar 3C 273 ba ta yi kama da ta kowa ba. Ga layuka, amma a wuraren da babu sinadarin da aka sani yana da layi a can.

Ba shi kaɗai ne baƙon da ya rikita mutane ba. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana suka fara sauraron sama da manyan farantan rediyo, suka gano akwai wurare da ke aiko da igiyoyin rediyo masu ƙarfi. Masanan jami'ar Kambirij a Ingila suka jera su a wani kundi da ya fito a 1959, kundi na uku da suka yi, shi ya sa kowane suna ke farawa da 3C. Matsalar ita ce na'urorin rediyo na wancan zamani suna jin ƙara amma ba su iya nuna takamaiman wurin da take fitowa. Kamar ka ji kiɗa da dare, ka san daga gabashin gari yake, amma ba ka san gidan ba. A 1960 Thomas Matthews da Allan Sandage suka dace da gano gidan ɗaya daga cikinsu, 3C 48, sai suka tarar da abu mai kama da tauraro shuɗi, shi ma da layukan da ba a gane ba. Kowa ya ɗauka wani irin tauraro ne na daban a cikin garkenmu na taurari, wato galaksinmu. Jesse Greenstein, babba a sashen su Schmidt, har ya rubuta dogon bayani yana ƙoƙarin fassara layukan a kan haka.

Wanda ya nuna gidan 3C 273 wani Bature ne ɗan Ingila mai suna Cyril Hazard, kuma a ganina tarihi bai ba shi haƙƙinsa yadda ya kamata ba. Dabararsa mai sauƙi ce amma sai mai basira. Wata yana tafiya a sama, wani lokaci yakan gitta ta gaban abin da ke aiko da rediyon ya rufe shi. An san inda gefen wata yake a kowace daƙiƙa. Saboda haka idan ka rubuta lokacin da ƙarar ta ɗauke da lokacin da ta dawo, ka san wurin. A 1962 wata ya gitta ta gaban 3C 273, Hazard da abokan aikinsa suka saurara da farantin rediyo mai faɗin mita 64 da ke Parkes a Ostireliya. Suka gano ƙarar daga wuri biyu take fitowa, kusa da juna. Aka aika da lissafin Kalifoniya. Da aka duba hoton wurin, sai ga tauraro mai ɗan haske, ga kuma wani siririn abu kamar tsinke yana fita daga gefensa.

A ƙarshen Disamba 1962 Schmidt ya hau dutsen Palomar don ya ɗauki bakan wannan tauraro. Madubin hangen nesa na Hale da ke can yana da faɗin inci 200, wato ya ɗan haura mita 5, kuma a lokacin babu kamarsa a duniya. Aikin ba na ɗan hutu ba ne. A can saman bututun na'urar akwai wani ɗan keji da mutum ɗaya ke shiga ya zauna, sama a buɗe a kansa, madubin a ƙarƙashinsa. Nan zai kwana cikin duhu da sanyin hunturu, ido a kan tauraro, yana gyara saitin na'urar kaɗan-kaɗan don kada hasken ya goce daga kan gilashin. Abu mai dishi-dishi kan ci sa'o'i kafin ya bar alama. Shi kansa Schmidt bai ɗauka tauraron ne ke aiko da rediyon ba, don ya yi haske da yawa. Ya ɗauki bakansa ne don ya kawar da shi daga lissafi, ya ji da tsinken nan na gefe.

Mu koma ofis. A wannan yini na Fabrairu yana rubuta ɗan taƙaitaccen rahoto ne da zai bi na Hazard a mujallar Nature. Ya sake duba gilashin, sai ya lura huɗu daga cikin layukan suna da tsari: tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa, ƙarfinsu ma yana raguwa, daga ɓangaren ja zuwa shuɗi. Wannan tsari kuwa duk ɗalibin falaki ya san shi, na haidirojin ne, sinadarin da ya fi kowane yawa a sama. Ya ɗauko ma'aunin lissafinsa ya gwada. Layukan suka zauna daram, da sharaɗi ɗaya: sai an yarda cewa duk sun matsa zuwa ɓangaren ja da kashi 15.8 cikin ɗari. Ashe ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, tsagarsa ce ta bar inda aka saba ganin ta.

Me ke sa layuka su matsa zuwa ja? Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi ya ji tirela ta wuce tana busa ƙaho ya san amsar da kunnensa: tana tahowa sautin na da kaifi, tana wucewa sai ya yi kauri. Haske ma haka ne, abin da ke nisantar mu haskensa na karkata zuwa ja. Tun 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa sararin samaniya yana buɗewa, kuma iya nisan galaksi iya saurin da yake guje mana. Kashi 15.8 na nufin gudun kusan kilomita 47,000 a daƙiƙa ɗaya. Babu tauraron da zai yi wannan gudu ya zauna a galaksinmu. Idan kuwa buɗewar sarari ce ta jawo haka, to 3C 273 yana da nisan da haske zai yi shekara wajen biliyan 2 yana tafiya kafin ya iso mu. Lokacin da hasken ya baro gida, babu ko ciyawa a doron ƙasa, sai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani.

Nan ne abin ya zama na tsoro. Abu mai irin wannan nisa bai kamata a gan shi da haske haka ba. In har ana ganin sa kamar tauraro, to hasken da yake fitarwa ya ninka na galaksi sukutum, mai taurari ɗaruruwan biliyoyi, sau da yawa. Schmidt ya kira Greenstein. Greenstein ya ɗauko bakan 3C 48, nan take suka ga shi ma haka ne, nasa ma ya fi, kashi 37 cikin ɗari. J. B. Oke, wani abokin aikinsu, ya riga ya auna wani layi a can ƙarshen ja, shi ma ya faɗa daidai inda lissafin ya ce. An ruwaito cewa da Schmidt ya koma gida da daddare ya gaya wa matarsa Corrie cewa wani mugun abu ya faru yau a wurin aiki. Ba farin ciki ne ya fara zo masa ba, fargaba ce, don ya san in ya yi kuskure duniya za ta yi masa dariya, in kuma daidai ne to dole a sake rubuta littattafai. Rahoton ya fito a Nature ranar 16 ga Maris, 1963, bai cika shafi biyu ba.

Ba a jima ba aka ƙara wa abin gishiri. Harlan Smith da Dorrit Hoffleit suka tono tsofaffin hotunan sama da ke ajiye a Harvard, wasu tun ƙarni na 19, suka ga 3C 273 yana cikinsu tuntuni, ba wanda ya kula shi, kuma haskensa yana hawa yana sauka. Abin da haskensa ke sauyawa cikin ɗan lokaci ba zai zama mai faɗi sosai ba, don sai saƙo ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe kafin ya sauya gaba ɗaya, kuma ba saƙon da ya fi haske sauri. Wato ga abu ɗan mitsitsi in an gwada shi da galaksi, amma ya fi galaksi haske. A 1964 wani masani mai suna Hong-Yee Chiu ya taƙaita dogon sunan da ake kiran irin waɗannan abubuwa, ya ce kwezar, sunan ya bi su.

Yawancin masu ba da labarin Schmidt nan suke tsayawa, su ƙara da cewa mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta a Maris 1966. Ni kuwa ina ganin aikinsa na gaske bayan nan ya fara. Abin da ya faru a 1963 akwai rabo a cikinsa: Hazard ne ya ba da wuri, Palomar ta ba da madubi, kuma da bai gane layukan ba, da wani ya gane su cikin shekara ɗaya ko biyu. Abin da ya yi a shekaru talatin da suka biyo baya kuwa halinsa ne, ba rabo ba.

Halin nan a Holan ya samo shi. An haife shi a Groningen ranar 28 ga Disamba, 1929, ya yi ƙuruciyarsa a lokacin da Jamus ta mamaye ƙasar, ana kashe fitilun gari da dare, taurari su fito fes. Ya yi karatu mai zurfi a Leiden a hannun Jan Oort, malamin da ya yi suna wajen auna yadda galaksinmu ke juyawa. Makarantar Oort ba ta wasa da ƙidaya. Ba a tambayar ka abu mafi ban mamaki da ka gani, ana tambayar ka nawa ne, a wane fili, kuma nawa ne suka kuɓuce maka. Schmidt ya gama digirinsa na uku a 1956 da lissafin yadda nauyi ya rarrabu a galaksinmu. A 1959, shekarar da ya koma Caltech, ya fitar da wata ƙa'ida da ke danganta yawan iskar gas a wuri da saurin haihuwar taurari a wurin. Har yau ana amfani da ita, ana kiran ta da sunansa. Da bai taɓa ganin kwezar ba, wannan kaɗai ta isa a tuna da shi.

Da farko ya bi nisa. A 1965 ya auna 3C 9, ya sami karkata zuwa ja da ta kai 2.01, wato tsawon igiyar hasken ya ninka sau uku a hanya. Kafin kwezar, mafi nisan abin da aka auna shi ne galaksin 3C 295, wanda Rudolph Minkowski ya samu a 1960 da 0.46. Hasken 3C 9 ya baro gida fiye da shekara biliyan 10 da suka wuce, alhali a lissafin yau shekarun sararin samaniya duka biliyan 13.8 ne. A nan ne ilimin falaki ya sha bamban da sauran fannoni: mai duban nesa tsohon zamani yake kallo kai tsaye, ba labari ake ba shi ba. Wasu ɗalibai biyu a Caltech, James Gunn da Bruce Peterson, suka duba bakan 3C 9 suka lura cewa iskar haidirojin da ke tsakaninmu da shi ba ta shanye hasken yadda aka zata ba. Daga nan aka gane cewa tun a wancan zamani wani abu ya riga ya gasa iskar da ke tsakanin galaksi. Sai a 2001 aka sami kwezar mai nisan da ya isa a fara ganin alamar zamanin da gashin bai kammala ba.

Daga nan sai ya koma ga ƙidaya, kuma wannan ɓangare ya cancanci a tsaya a kansa. A lokacin ana tafka gardama tsakanin ra'ayi biyu. Fred Hoyle da abokansa tun 1948 suke cewa sararin samaniya bai da farko, yadda yake yau haka yake jiya, haka zai kasance. Ɗaya ɓangaren na cewa yana da mafari mai zafi, yana kuma sauyawa da zamani. Hanyar raba gardamar a fili take: a duba nesa, a ga ko jiya ta yi kama da yau. Amma ƙidayar abu mai nisa tana da tarko. Ka tsaya a kan tudu da dare kana kallon fili cike da masu fitilu, wani da aci-balbal, wani da tocila, wani da fitilar mota. Aci-balbal na kusa kaɗai za ka gani, daga nesa kuwa sai manyan fitilu. In ka yi garaje sai ka ce mutanen nesa duk masu manyan fitilu ne, alhali idonka ne ya tace su.

Maganin da Schmidt ya kawo a 1968 shi ne a yi wa kowace fitila tambaya biyu. Ina girman filin da ke tsakanina da ita? Ina kuma girman filin da za a iya matsar da ita a ciki har zuwa inda za ta ɓace mini? A raba na farko da na biyu. Idan fitilun a warwatse suke daidai wa daida, wasu za su faɗo kusa, wasu can bakin iyaka, matsakaicin amsar ya zama rabi. Ya gwada da kwezar 33 daga kundin Kambirij, ya sami wajen 0.7. Ma'ana sun taru a can nesa fiye da kusa, nesa kuwa ita ce da. Kwezar sun fi yawa ƙwarai a zamanin baya. Jiya ba ta yi kama da yau ba. Wannan, haɗe da ragowar ɗumin mafarin nan mai zafi da Arno Penzias da Robert Wilson suka gano a 1965, ya sa ra'ayin Hoyle ya rasa mabiya. Wasu, irin su Halton Arp, sun ci gaba da musun cewa karkata zuwa ja ba nisa take nunawa ba, suka riƙe wannan har ƙarshen rayuwarsu. Amma da na'urori suka inganta aka riƙa ganin galaksin da kwezar ke zaune a tsakiyarsa, da karkata iri ɗaya, musun bai da sauran madafa.

Abin da ke hura wutar kuwa ba Schmidt ne ya warware shi ba, kuma bai yi da'awar haka ba. Edwin Salpeter a Amurka da Yakov Zeldovich a Tarayyar Sobiyet sun kawo shawarar tun 1964, Donald Lynden-Bell na Ingila ya shimfiɗa ta a 1969: baƙin rami ne, wato abin da ko haske ba ya kuɓuce masa, mai nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi, iskar gas na kewaya shi tana gogar juna, tana zafi tana haske kafin ta faɗa ciki. Lynden-Bell ya ƙara da cewa in haka ne, to matattun kwezar suna nan kwance a tsakiyar galaksin da ke kusa da mu, abinci ne kawai ya ƙare musu. Haka aka tarar. A tsakiyar galaksinmu akwai baƙin rami mai nauyin rana kusan miliyan 4, yana kwance shiru. A 2008 aka ba Schmidt da Lynden-Bell kyautar Kavli ta farko a wannan fanni, tare.

Ya riƙe shugabancin cibiyoyin hangen sama na Hale daga 1978 zuwa 1980, ya koma kan ƙidayarsa. Shi da ɗalibinsa Richard Green suka yi shekaru suna tace sama suna neman kwezar masu haske na kusa, don ba a sanin yawan na da sai an san ƙarancin na yanzu. Sannan shi da Gunn, ɗalibin nan na 1965 da ya zama abokin aiki, da Donald Schneider, suka juya zuwa can ƙarshen nisa. Zamanin gilashin hoto ya wuce, an shiga na na'urar lantarki mai kama haske, irin wadda jikokinta ke cikin kyamarar wayar hannu a yau. Sukan tsayar da madubin Hale cak, su bar sama ta riƙa wucewa ta gabansa dare guda, na'urar tana kwashewa. A 1991 suka sami kwezar mai karkata 4.9, wanda ya riƙe kambun nisa na shekaru. Amma abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne sakamakon da suka fitar a 1995: in ka wuce wani nisa, yawan kwezar sai ya fara raguwa. Wato suna da lokacin tashe, shekara biliyan 2 zuwa 3 bayan mafari, kafin nan ba su yi yawa ba, bayan nan suka yi ta mutuwa. Mutumin da ya nuna yawansu na ƙaruwa in an koma baya, shi ne kuma ya je ya gano inda ƙaruwar ta tsaya. Shekara 27 tsakanin amsar farko da ta biyu.

Schmidt ya rasu ranar 17 ga Satumba, 2022, a Fresno ta Kalifoniya, yana da shekara 92, wata biyu bayan madubin James Webb da ke sararin sama ya aiko da hotunansa na farko. Webb ya riga ya ga galaksin da haskensa ya taso shekara kusan miliyan 300 kacal bayan mafari, ya kuma ga baƙaƙen ramuka da suka yi girma da wuri fiye da yadda aka zata. Masu wannan aiki a yau, in sun tashi faɗin nawa ne irin waɗannan abubuwa a kowane zamani, har yanzu da awon nan na 1968 suke farawa.

Shi kuwa 3C 273 yana nan inda yake, a burujin da malaman hisabi ke kira Sumbula, dab da tsakiyar sama. Daga Kano ko Zinder, a watan Afrilu wajen ƙarfe 11 na dare yana wucewa kusan saitin ka. Ido ba ya ganin sa, amma madubin hangen nesa mai faɗin inci 8 ya isa, in an fita bayan gari inda babu fitilu. Mai karatu, in ka sami wanda ke da irin wannan madubi, roƙe shi ya saita maka. Ɗan ɗigo ne za ka gani, bai bambanta da maƙwabtansa ba, hasken da ya shiga idonka kuwa shekararsa biliyan 2 a hanya.